Zauren Masu Karatu: Tsuntsayen Kaka, Wa Ya Zo, Wa Ya Tafi?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan tsuntsaye suka taru. Ba abin mamaki ba ne, tunda damina ta fara naɗe tabarma, fadamu sun cika sun batse, sama kuma ta cika da masu shigowa da masu fita. Na taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Daga wani masunci, Nguru, Jihar Yobe: Assalamu alaikum Malam. Makon jiya wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu ya maƙale a komata, na tarar ya riga ya mutu. A ƙafarsa akwai zoben ƙarfe da lambobi da rubutun boko. Wasu sun ce asiri aka yi wa wani aka ɗaura wa tsuntsun, wasu sun ce na leƙen asirin ƙasa ne. Na ɓoye zoben, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, babu sammu a ciki, babu gwamnatin da ke nemanka. Zoben shaida ne. Masu nazarin tsuntsaye kan kama tsuntsu da raga mai laushi, su auna shi, su maƙala masa zoben alminiyan ko na wani ƙarfe mara nauyi mai ɗauke da lamba wadda babu wani tsuntsu a duniya mai irinta, su sake shi. Duk ranar da wani ya tsinci zoben ya ba da labari, sai a san daga ina tsuntsun ya taso, ina ya kai, shekara nawa ya yi a duniya. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara wannan tsari a 1899, kuma har yau ana yi.

Ɗauko zoben ka duba da kyau. Ban da lambar za ka ga sunan wani wuri, irin su London ko Paris ko Stockholm ko Moskva ko Helgoland. Sunan ofishin da ya raba zoben ke nan, ba lalle garin da aka kama tsuntsun ba. Ka sa yaro mai waya ya ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lambobin za su fito, ya rubuta ranar da ka same shi da sunan wurin. Ana iya aikawa ta shafin EURING a intanet, ƙungiyar da ta haɗa masu sa zobe na Turai, ko a tuntuɓi cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, ko ma'aikatan gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF. Yawanci sukan mayar da amsa da tarihin tsuntsun. Kuɗi dai ba a biya, gara in faɗa maka tun yanzu, kada wani dillali ya ce zai sayar maka da shi.

Zargin leƙen asiri kuwa ba a kanka aka fara ba. A 2013 wani mutum a yankin Ƙina na ƙasar Masar ya kama galantoyi, wani babban farin tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, ɗauke da 'yar na'ura a baya, ya kai shi ofishin 'yan sanda, tsuntsu ya kwana a tsare kafin a gane na'urar masu bincike ce da ke nuna inda ya bi. Yanzu irin waɗannan na'urori sun yawaita, wasu har da ɗan farantin sola. Wanda ya ga tsuntsu mai rai da ita, ya ƙyale shi ya wuce.

Wani abu kuma da zai ba ka dariya: mu ne muka fara aika wa Turawa da shaida. A da can ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu ba, har akwai masu ilimin da suka yarda tsattsewa cikin laka take nutsewa ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wani galantoyi kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, da guntun mashin Afirka soke a wuyansa. Wani maharbi a nahiyarmu ya jefe shi, bai faɗi ba, ya tashi da mashin har Jamus. Gawarsa na nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Daga wata malamar firamare, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar: Ɗalibaina sun tambaye ni ina shamuwa take zuwa in ta bar tsamiyar makarantarmu. Na ce musu Turai, tunda na ji a rediyo ana cewa tsuntsaye na ƙaura tsakanin nan da can. Na yi daidai?

Malama, a wannan karon sai kin koma aji kin gyara. Shamuwa ba ta san Turai ba, 'yar Afirka ce gaba da baya. Ruwa take bi. Takan iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta lokacin da fara da tsutsa suka wadata. In ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai su taru garke-garke su nufi gabas da kudu, su tsallake tsakiyar duniya zuwa ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe har Afirka ta Kudu, inda a daidai lokacin damina ke sauka. Wato ita shekararta damina biyu ce, ba ta san rani ba.

Wanda kika ji a rediyo ɗan'uwanta ne, galantoyi: ya fi ta girma, fari ne da baƙin gefen fiffike, baki da ƙafafu ja. Shi a Turai yake haihuwa, kan rufin gidaje da turakun lantarki, kuma yana isowa ne daidai lokacin da shamuwa ke haɗa kayanta. Ki sa yara su lura, cikin makonni kaɗan ɗaya zai maye gurbin ɗaya. Ki ƙara musu da wannan: galantoyi ba ya yarda ya ratsa tsakiyar Bahar Rum, domin da iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa yake hawa sama yana shawagi, teku kuwa ba ta ba da irin wannan iska. Sai ya zagaya ta mashigin Jibralta a yamma ko ta Istambul a gabas, inda ruwan ya tsuke.

Tafkin Madarunfa ba shi da nisa da ku. In hukumar makaranta ta yarda, ki kai su da sassafe bayan an yi girbi.

Daga wani manomin shinkafa, Guri, Jihar Jigawa: Malam, ku 'yan boko kuna ta yabon tsuntsayen Turawa, mu kuwa su ne ke cinye mana shinkafa. 'Ya'yana ba su zuwa makaranta, suna gona tun asuba suna kaɗa gwangwani. Me ya sa gwamnati ba za ta fesa musu magani duka a huta ba?

Alhaji, Allah ya ba da haƙuri, ya sa a girbe lafiya. Na san abin da kake faɗa. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin gona ya ga janbaki ya taso daga cikin kacalla kamar hayaƙin gobara ba, ba zai gane zafin maganarka ba. Amma wanda ke cinye maka shinkafa ba baƙo ba ne. Janbaki ɗan gida ne, bai taɓa taka Turai ba. A nan Afirka yake haihuwa, cikin ƙayoyi a ƙarshen damina, kuma masana na ganin babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa; an ƙiyasta shi da kusan biliyan ɗaya da rabi. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. In suka yi ƙaranci, ko ya sami gona kusa da makwancinsa, sai ya faɗa wa shinkafa da gero da dawa, musamman lokacin da ƙwayar ke ruwan nono.

Ba zan wanke baƙi tas ba. Akwai wani mai dogayen ƙafafu da ke zuwa daga arewacin Turai da Sibiriya, launin ƙasa-ƙasa, bayansa kamar an jera ɓawo, namijin ya fi macen girma sosai. Dubbai suke sauka a fadamunku, kuma suna cin shinkafa. Sai dai akasarin abin da suke tsinta ƙwayar da ta zube ce bayan an yanke an buge, ko wadda ta kwanta cikin ruwa. Bakinsu ba na ɓare zangarniya a tsaye ba ne. Agwagin ruwa ma kan taɓa irin da aka watsa. Amma a nan ma dinya da kirinjijiya, waɗanda 'yan gida ne, ba su fi baƙin kunya ba. In ka auna ɓarnar duka ka ajiye kusa da ta janbaki, ba a ma haɗawa.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya ba janbaki masauki a bakin gonarka? Dattawan Guri za su gaya maka da can ba haka kacalla take ba. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja kan kawo babbar ambaliya da damina, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage. Kacalla ba ta jure wannan. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ta sami abin da take so: ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su da makiyaya, ta zame wa janbaki ɗakin kwana inda ba mai iya cim masa. Masunci ya yi asara, manomi ya yi, su ma agwagin da ke son buɗaɗɗen ruwa sun yi.

Feshi da jirgi kuwa ana yinsa, kuma yakan kashe janbaki da yawa a dare ɗaya. Amma gubar ba ta tantancewa. Shaho da shirwa da mujiyar da suka ci gawar su ma sukan mutu, ga ruwan da kuke kamun kifi a ciki kuna shayar da dabbobi, ga kuma yaran da za su tsinci matattun su kai wa masu suya. Bayan 'yan makonni wani garken ya iso daga wani wuri. A ganina kuɗin da ake zubawa a jirgi duk shekara, da rabinsa ya tafi yashe hanyoyin ruwa da sare kacalla, da kun fi ganin amfaninsa. Ku kuma manoma abin da ke hannunku shi ne ku haɗa baki ku shuka lokaci ɗaya, domin gonar da ta nuna ita kaɗai, ko ta riga kowa ko ta makara, ita ke ɗaukar dukan garken. Batun yara da makaranta kuwa, na bar ka da shi, kai ma ka san bai yi maka daɗi ba tunda har ka ambata.

Daga wani ɗalibin jami'a, Kano: Ina sha'awar fara kallon tsuntsaye amma ba ni da tabaran hangen nesa. Ina zan je, yaushe, kuma me zan nema?

Samari, fara da idonka da littafin rubutu na naira kaɗan. Tabarau zai zo daga baya, na hannu ma ya isa.

Baƙin ba rana ɗaya suke isowa ba. Masu yawo a bakin laka su ne 'yan gaba, tun cikin Agusta ake fara ganinsu. Satumba zuwa Oktoba sai tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da wutsiya mai rassa biyu, za ka gan su jere kan wayar lantarki da yamma. A wannan lokacin ne kuma ƙaramar agwagwar nan mai farar gira ke fara sauka, sai mai tsinin wutsiya ta biyo baya in sanyi ya kusa. Kada ka wahalar da kanka neman farar girar a watan Satumba. Namijin yana cikin tufafin tafiya, shi da macen kusan ɗaya suke, sai wajen Fabrairu yake yin kwalliya. Haka shi ma mai cin shinkafar da na ambata a sama: hotunan da za ka gani a littafi na namiji da tulin gashi a wuya, a Turai yake yinsa lokacin neman aure. Mu nan a fige yake zo mana.

Wanda na fi so sabon shiga ya fara da shi ba ya buƙatar tafiya mai nisa. Ka sami inda Fulani ke kiwo a gefen ruwa, ka zauna nesa kaɗan. Ka manta da balbela, ka dubi ƙasa daidai kofaton shanun. Za ka ga 'yar siririyar tsuntsuwa mai rawayan ciki tana 'yan gudu-gudu, ta tsaya, ta kaɗa doguwar wutsiyarta sama da ƙasa, ta cafke ƙwaron da saniya ta tayar, ta kauce wa kofato da taki ɗaya ba tare da ta tashi ba. Makiyayi ya saba da ita har ba ya ganinta. Watanni biyu da suka wuce tana wata makiyaya a Turai tana bin wasu shanun.

Babban wurin dai shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Cadi. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Baturiya da Dagona suka shiga a 2008. Dagona, a ƙasar Bade, tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, kuma marigayi Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya ziyarce ta a 1989. In za ka je, ka fara tambayar lafiyar hanya, ka nemi izinin ma'aikatan gandun, ka gai da mai gari, ka yi ciniki da mai kwalekwale tun kafin ka shiga. A farkon kaka ruwa ya yi yawa, tsuntsaye sun warwatsu. Taron da ke sa mutum ya riƙe baki sai Disamba zuwa Fabrairu, in ruwa ya ja ya matse su wuri ɗaya. Shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu.

Amma kada ruwa ya ɗauke maka hankali ka manta da itatuwa, domin mafi yawan baƙin ba na ruwa ba ne. An ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ke ƙetarowa daga Turai zuwa Afirka kowace kaka. Wasu nauyinsu bai wuce giram 10 ba. Kafin su fuskanci Sahara sukan ci su tara kitse, wasu har su kusa ninka nauyinsu, da dare suke tafiya, kuma abin da suka fara tararwa bayan yashi shi ne ƙayoyinmu. Suna da zaɓi ƙwarai. Masu bincike 'yan ƙasar Holan da suka bi Sahel suna duba bishiya ɗaya-ɗaya sun tarar baƙin sun fi taruwa a gawo da aduwa da kandili da sauran masu ƙaya, darbejiya da turare kuwa kusan ba sa kula su. Dalilin a fili yake: ganyen darbejiya ɗaci gare shi, ƙwari ba su cika zama ba, inda babu ƙwaro kuwa babu mai cin ƙwaro. Gawo shi ne sarkinsu, saboda halinsa na saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yake kaɗe ganye, in kaka ta yi ya fito da sabo ya yi fure, daidai lokacin da matafiya ke isowa da yunwa. Ka tsaya ƙarƙashin babban gawo a wata gona a bayan Wudil ko Ringim da hantsi, ka ɗaga kai ka yi haƙuri, za ka ga ganye na motsi ba iska. Duk lokacin da na ga an yi bikin dashen itatuwa an jera darbejiya zalla, nakan ce an yi wa mutane inuwa, madalla, amma a bar kiran abin da sunan mayar da daji.

Kuma abin da ya same mu yana samunsu. Farin da ya fara a Sahel a 1968 ya sa a bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka nemi kusan kashi uku cikin huɗu na wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro suka rasa. Sai daga baya suka gano a nan ta mutu, tare da shanun mutanenmu.

In ka fara rubuta abin da ka gani, da rana da wuri da irin bishiya, ka nemi matasan Arewa Atlas Team da ke aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. Da waya suke aiki, kuma suna karɓar sabbin hannu.

Daga wata mai kiwon kaji, Zariya: An ce tsuntsayen nan ne ke kawo murar tsuntsaye. In rufe kajina?

Hajiya, da gaskiya a maganar. Agwagin daji kan ɗauki ƙwayar cutar, wani lokaci ba tare da sun nuna alama ba. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gona a nan Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Amma daga gona zuwa gona, cutar ta fi bin kiret ɗin ƙwai da tayar mota da takalmin dillali da kajin da aka sayo a kasuwa aka haɗa da na gida. Ki hana kajinki shan ruwan kududdufi, ki rufe abincinsu, ki ware sabbin saye na mako biyu, ki ajiye ruwan magani a ƙofar keji. In kika ga suna mutuwa da yawa farat ɗaya, ki kira likitan dabbobi, kada a yanka a sayar.

Daga wani dattijo, Gashuwa: Muna yara gauraki kan sauka a fadama muna jin kukansu tun daga gida. Yanzu jikokina ba su san su ba. Su ma Turai suka koma?

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba su je ko'ina ba, ƙarewa suka yi a hannunmu. Gauraka 'yar gida ce, a cikin ciyawar fadama take sheƙa a ƙasa da damina, don haka duk abin da ya taɓa fadama ya taɓa ta: noma ya ci makwancinta, ruwa ya sauya hali, shanu na tattake ƙwai. Sannan ga kamu. Kyanta ya ja mata, masu hali na son ganinta tana taƙama a tsakar gida, 'yan kamu kuwa tun tana 'yar tsako suke ɗauke ta, kuma wadda aka tsare a gida da wuya ta hayayyafa. Ana kiranta tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, amma yau wanda ke son ganin garkenta sai ya tsallaka Waza a Kamaru ko Zakuma a Cadi. In wani cikin masu karatu ya ga gauraka a daji bana, ba a gidan mai kuɗi ba, ya rubuto mini ranar da yankin. Ainihin wurin ba zan buga shi a mujalla ba, saboda 'yan kamu ma suna karatu.